Dillali da Tsinken Likita

Dillali ya tsufa a sayar da tsofaffin motoci. Ya san yadda ake ɗura wa inji baƙin mai mai kauri ya yi shiru har mai saye ya sha kwana. Shi ya sa da autarsa ta haifi bakwaini, surukinsa kuma ya kafe cewa mai tari irin Dillali ba zai ɗauki jaririn ba sai likita ya duba shi, ko a jikinsa. Ya haɗiyi maganin zazzaɓi, ya kora da na tari, ya nufi asibiti fes da shi.

"Baba, me ke damunka?" in ji likitar, wata siririya sa'ar autarsa.

"Lafiya ce ta yi min yawa, 'yata. Shaida kawai zan kai wa surukina, ya zama soja a ƙofar ɗaki."

Ta saurari ƙirjinsa. Ya danne tarin har idonsa ya kawo ruwa.

"Ƙirji ba laifi. Saura hanci."

Ta zura masa dogon tsinke mai auduga a kai, ta murza.

"Yarinya, ai har tunanina kin taɓo."

Ya zauna a benci yana kaɗa ƙafa, a ransa ciniki ya faɗa. Can aka sake kiransa.

"Ƙwayar cutar mura ce, irin wadda kapso ba ya kashewa," ta ce. "Kai za ta yi kwanakinta ta wuce, ka huta, ka yawaita shan ruwa. Bakwaini kuwa tana iya toshe masa numfashi."

"To ai ba zazzaɓi, kin gani da idonki."

"Na gani. Na kuma jiyo ƙamshin maganin tari tun kana bakin ƙofa. Baki ya rufe mata, bai kore ta ba."

Dillali ya tuntsire da dariya, tarin ya kufce masa. Shi bai taɓa jin haushin mai sayen da ya leƙa ƙarƙashin mota ba.

Da ya fito ya kira autarsa.

"Auta, sai na warke sarai zan zo. A'a, bar kuka, mura ce. Ki dai faɗa wa dangin mijinki kada kowa ya yanke hukuncin kamannin wa yaron nan ya ɗauko kafin in iso. Matso masa da wayar, in ji muryar mutumin."