Darasi a Gidan Kawu Mduduzi

Tun da Khethiwe ta cire 'ya'yanta biyu daga makaranta ta mai da teburin cin abinci aji, doka ɗaya ta kafa wa darasin addinai: ba za a ba da labarin addinin kowa a bayan idonsa ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Da aka zo kan addinin Hindu, tasa Lwandle da ƙanenta Bandile ta yi zuwa gidan maƙwabciyarsu, Anti Govender, wadda ta nuna musu fitilun bikinsu na Diwali, ta haɗo su da alawar madara cike da kwano.

Da aka zo kan Musulunci kuwa, sai Khethiwe ta jawo littafi.

"Mama, kin karya doka," in ji Lwandle. "Ai Kawu Mduduzi Musulmi ne."

Gogo, mahaifiyar Khethiwe, tana gefe tana tsince wake. Hannunta ya tsaya cak.

Mduduzi ƙanen Khethiwe ne. Ranar da aka yanka akuya don maido da kurwar marigayi mahaifinsu gida bisa al'ada, dangi suka ci nama, kowa ya ɗaura fatar a wuyan hannu. Shi ya faskara itace, ya yi ɗawainiya da baƙi, amma ya ƙi naman, ya ƙi fatar. Gogo ta ce wanda ya ƙi akuyar ubansa ya ƙi ubansa, ta nuna masa ƙofa. Tun daga ranar bai sake taka unguwarsu ta Umlazi ba, yaran ma a hoto suka san shi.

Khethiwe ta rufe littafin. "Gaskiyarki. Gobe za mu je."

"Musulmi sun ƙare a Durban ne?" in ji Gogo. "Ga ɗan Somaliya mai shago nan a bakin titi."

"Mama, in tsallake ɗan'uwana in je in tambayi baƙo yadda ɗan'uwana yake salla? To me na koya musu ke nan?"

"Kin kai su gidan masu fitila, na yi shiru."

"Dole ki yi shiru, ai alawa ce cike da bakinki."

Bandile ya tuntsire da dariya. Gogo ta jefe shi da ƙwayar wake. Can ta yi ƙasa da murya: "In suka dawo suna ture kwanona fa, kamar shi?"

"Bandile ya je gidan Anti Govender, ko kin ga ya daina cin naman shanu? Sanin hanya daban, bin ta daban. Lahadi za ki gan su a coci, kusa da ke."

"In kin fita da su, kada ki kuskura ki ambaci sunana a can."

Da safe ƙofar kicin a rufe take. Khethiwe ta gaida Gogo daga waje, ba a amsa ba. Duk da haka ta ɗaure wa Bandile takalmi, ta sa kowannensu ya maimaita tambayar da zai yi wa kawun nasa.

Sun kai bakin ƙofar gida ke nan za su tari motar haya, sai muryar Gogo: "Kai, sarkin dariya, zo nan!"

Ta ɗora wa Bandile kwano naɗe da tawul, da zafinsa: wake da ujeqe, burodin da ake turarawa, wanda Mduduzi yake kashe kansa a kai tun yana yaro.

"Ba saƙo ba ne. Yawa ya yi mana." Ta gyara ɗankwali, idonta a kan titi. "Babu nama a ciki, ko romo ban zuba ba. Kuma tunda tambaya ce ta kai ku, ku tambaye shi ko addinin nasa ya hana mutum gaida uwarsa."

Khethiwe ta buɗe baki za ta tuna mata wanda ya nuna wa wani ƙofa, sai ta haɗiye.

"Lwandle," ta ce, "ajiye tambayarki. Da ta Gogo za mu fara."