Tela Bai Hau Dutsen Ba

Tun ranar da likita ya gaya wa tela cewa idonsa na dama ya tafi, na hagun ma yana kan hanya, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Daga ƙofar shagonsa ana hango wani dogon dutse a bayan gari, kuma tun yana koyon ɗinki yake cewa wata rana sai ya hau ya ga garin daga sama. Yanzu ga shi ko zare sai matarsa ta zura masa a allura.

Likita ya ce kada ya kuskura ya je shi kaɗai. Ƙanensa, wanda 'yan gida ke kira Manaja saboda ba ya rabuwa da kwat, ya yi alkawarin raka shi. Rani ya zo, sama garau, Manaja yana ta ɗaga tafiyar. Yau taro a ofis, gobe baƙi, jibi mota tana gareji.

Sai da damina ta kankama suka sa rana. Tela ya sayi takalmin kambas, ya ɗinka wa kansa jakar goyo da guntayen yadi. Ɗinkin ya karkace.

Da safe suka isa gindin dutsen, hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Jagoran da ke hawa da mutane yana cikin ɗan ofishinsa na kwano, yana tare yoyo da bokiti.

"Baba, yau babu hawa," in ji shi. "Hanya ta yi santsi, ga iska, ga tsawa a sama."

"Ɗana, ko rabi ne ka kai ni."

"Ko na kai ka, hazo za ka gani. Ba zan ɗauki alhakin ranka ba. Ku dawo bayan damina."

Tela ya fita ya tsaya cikin yayyafi, ya rufe mataccen idon da tafin hannu, ya ɗaga kai. Babu dutse, sai fari fat.

A mota Manaja ya kunna rediyo, har da ajiyar zuciya.

"Yaya, haka Allah ya so. Dutse ai ba gudu zai yi ba."

"Shi ba zai gudu ba."

"To ka gani. Ni na saukar da ruwan?"

"A'a. Ranar da babu ruwan fa, wa ya hana?"

Manaja ya ƙara muryar rediyon.

Kafin damina ta wuce, idon hagun ya bi ɗan'uwansa. Aka rufe shagon, aka shigo da keken ɗinki falo aka lulluɓe da zane.

Wata Asabar da rana Manaja ya yi sallama, fuskarsa ta ƙone da rana. Ashe ofishinsu ne ya shirya wa ma'aikata hawan dutsen, shi ma ya bi.

"Yaya, wallahi sai da na tuna ka a can sama. Har rufin shagonka na hango. Duba hoto."

Ya danƙa masa waya a hannu, sannan ya tuna yayan nasa ba ya gani.

Tela ya shafa gilashin da babban yatsa, ya miƙa ta gefen da ba kowa. Matarsa ta karɓa.

"Kawo wa baƙo ruwa," ya ce mata, "da alama sauri yake yi."