Kwano Biyu a Gaban Bohuslav

Shekarun nan fari ya hana gonar hop ɗin su Jarmila sakat. Hop kuwa, furen nan da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, shi ne hanyar abincin mutanen garin Žatec kaka da kakanni. Tsohon irin da ke gonar, mai jan kara, marigayiya uwarta ce ta dasa shi, ga shi yanzu sai ya hau wayar da ake ɗaura masa ya yi yaushi. Jarmila, wadda ke dafa giyar gidan, ta ce a tuge shi a sa sabon iri mai jure zafi, in ba haka ba gonar ma za ta kuɓuce musu.

Ubanta Bohuslav ya ce sai dai bayan ransa. Tsohon nan akwai taurin kai! Da ƙyar ya yarda a bar wa hancinsa hukunci, kamar yadda masu saye ke yi: kwano biyu ba alama, a murza furen a tafin hannu, a shinshina. Wanda ya zaɓa shi zai zauna a gonar.

Ta ajiye kwanukan a gabansa. Ya murza na farko, ya daɗe fuskarsa cikin tafukansa. Na biyu kuwa ko kirki bai shinshina ba ya tura mata shi.

"Wannan ne na uwarki. Ko a kabari nake zan gane shi."

Alhali wanda ya zaɓa ɗin sabon irin ne. Wayyo, tausayi ya kama Jarmila. Ashe hancin da duk garin ke yabo ya mutu, mai shi bai sani ba. Ta rasa bakin gaya masa, ta kwashi kwanukan ta yi madafa tana share hawaye.

Can ta lura kwanon farko, na tsohon irin, ya ragu sosai. Ta leƙa ta taga. Yana tsaye a bakin gonar, ya zaro furen daga aljihun kwat ɗinsa, yana murzawa yana kai wa hanci, kafaɗunsa na rawa.

Da ta fito bai juyo ba.

"Baba, ashe ka gane."

"Kira masu tugewar," in ji shi. "Amma ranar da za su zo, ki aike ni kasuwa."