Aljihun da Ya Koma Dama

Shekara goma sha huɗu ina zama gaban Mai Magani a kan allon dara, ban taɓa cinye shi ba ko sau ɗaya. Mun yi canjaras sau uku, kuma har yau ina iya faɗin kalar rigar da ke jikina a kowace ranar. Ni tela ne. Shagona yana kallon shagon aski, a can muke haɗuwa da yamma in an tashi aiki: ni, da Mai Magani, da Mai Aski, da Direba in yana gari, da wasu mutum shida da ba su iya wasan ba amma sun iya baki. Shi Mai Magani dogo ne mai sanyin murya. In ya gama da kai sai ya tattara 'ya'yan dara a hankali ya zuba a gwangwani, ya dube ka da tausayi ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mai Aski ne ya buɗe mana guruf a waya, wai don a riƙa sanin wanda zai zo da wanda ba zai zo ba. Sati guda aka yi a kan haka. Daga nan guruf ya zama bola. Wannan ya turo hoton takalminsa, wancan ya turo maganin ciwon baya da babu likitan da ya san shi, Direba kuwa duk garin da ya tsaya sai mun ga gashin bakinsa. Ina tsakiyar yanka yadi wayar za ta yi ta kuka kamar an taka ta. Sau biyu ina fita daga guruf ɗin. A na biyun har jawabi na yi musu, na ce dara wasan mutum biyu ne da allo ɗaya, duk abin da ya wuce haka surutu ne, kuma ranar da guruf ya amfani ɗan wasa a zo a aske mini gira. Mai Aski ya ce ya ji, kuma zai ajiye reza.

Sai labari ya zo cewa Mai Magani ya sayar da kantinsa, zai koma wajen babban ɗansa a wani gari mai nisa. Mota za ta zo ɗaukar kayansa ranar Asabar da safe. Kowa ya yi jimami, ni ma na yi, don mutumin kirki ne. Amma in faɗi gaskiya, abin da ya fi damuna daban ne: mutumin nan zai tafi da shekara goma sha huɗu na rayuwata a aljihunsa.

Ranar Laraba muka zauna. Ban san abin da ya shiga kaina ba, amma hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba. Kafin rana ta yi sanyi ina da 'ya'ya tara, shi bakwai, ɗaya daga cikin nawa saura taku biyu ya isa ƙarshen allo ya zama sarki. A karo na farko na ga Mai Magani ya cire tabarau ya goge. Ana cikin haka aka kira shi a waya, mutumin da ya sayi kantin ya zo karɓar makullai. Ya ba ni haƙuri, ya ce ba shi da sarari sai Juma'a da yamma, awa ɗaya kacal. Muka bar allon yadda yake a kan ƙaramin teburin da ke bayan kujerar aski, na yi masa kallo uku kafin na fita.

Washegari da hantsi aka kawo wa Mai Aski sabuwar kujera. Masu ɗaukowa suka shigo da baya, ƙafar kujerar ta daki teburin. Daga shagona na ji ƙarar 'ya'yan dara suna gangarawa a siminti, na san ko mene ne tun kafin in ɗaga kai.

Muna da doka a wurin nan: allon da ya kife, wasansa ya mutu. Ni na kawo dokar da bakina shekarun baya, wata rana da kifewar allo ta cece ni. Masu baki ba su manta ba, suka tuna mini ɗaya bayan ɗaya. Na gwada jera 'ya'yan daga ka, na tuna goma, shida suka ɓace mini. Sabon wasa kuwa na san ƙarshensa. Irin ranar Laraba ba ta zuwa wa mutum sau biyu a sati ɗaya.

Da rana na koma gida na kasa cin abinci. Matata ta saurari labarin tana ninke wanki, ta ce ita abin da ya ba ta mamaki, mutanen da ke ɗaukar hoton komai har da tayar mota, a ce babu wanda ya ɗauki allon. Na ce ai na fita daga guruf ɗin. Ta ce ƙofar da aka fita ta nan ake komawa, in dai wuyan mutum yana lanƙwasuwa. Na yi fushi da ita na kusan minti goma, sannan na sa takalmi.

Mai Aski bai sauƙaƙa mini ba. Ya ce zai mayar da ni, amma da muryata zan roƙi jama'a, kuma sai na ambaci maganar gira. Na danna wayar na yi magana kamar mai haɗiyar magani. Dariyar da ta biyo baya ta cika allon wayar har ta yi zafi a hannuna. Amma a cikin dariyar sai na ga abin da ban zata ba. Mutane suka shiga tonon hotuna. Ƙanin Mai Aski, wanda ke aiki a wata ƙasa yana buga dara da baƙi ta waya, ya bi saƙonnin Laraba ɗaya-ɗaya. Shi ya ce a duba hoton Direba.

Ashe bayan tafiyarmu Direba ya zauna an yi masa aski, ya ɗauki kansa ya turo kamar yadda ya saba, babu wanda ya kalli abin da ya wuce gashin bakin. Ta saman kafaɗarsa ga teburin, ga allon, ga 'ya'yan suna zaune lafiya. Lokacin da ke jikin saƙon ya nuna bayan mun tashi ne. Direba yana can kan hanya da lodi, ya turo murya yana cewa daga yau duk wanda ya sake zagin hotunansa su haɗu.

Ranar Juma'a shagon ya cika har bakin ƙofa. Aka buɗe hoton aka faɗaɗa, Mai Aski yana ƙirga gidaje ni ina ajiyewa. Ɗa na farko ya faɗa a farin gida. Na biyu ma haka. A dara kuwa baƙaƙen gidaje kaɗai ake takawa. Muka sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, muka rikice, muka koma farko. Wani ya ce hoton banza ne, wani ya ce a bi doka kawai. Mai Magani ya dubi agogonsa, kuma kwata ɗaya cikin awar ta riga ta tafi.

Na karɓi wayar na mayar da hoton yadda yake, ina kallonsa ba don ina sa ran komai ba. Idona ya sauka a kan rigar Direba, mai ruwan toka da maɓalli biyar. Ni na ɗinka ta. Aljihun yana dama.

"Shekara talatin ina ɗinki," na ce, "ban taɓa sa aljihun riga a dama ba. Wayarsa ce ta juya hoton."

Na ɗaga wayar na fuskantar da ita ga babban madubin shagon. A cikin madubin aljihu ya koma hagu inda na ɗinka shi, allon ma ya koma daidai. Haka muka jera, Mai Aski riƙe da waya, ni ina kallon madubi ina ajiyewa, kowane ɗa yana faɗawa baƙin gidansa. Goma sha biyar suka zauna. Na goma sha shida, na Mai Magani, kunnen Direba ya rufe shi.

Gida biyu ne kawai zai iya kasancewa. A ɗaya zai tare mini hanya wasa ya koma canjaras, a ɗayan kuma yana tsaye a bakin rami, inda zan iya cinye shi. Ni na san inda yake, amma ba ni da shaida, kuma babu wanda zai karɓi maganar mai neman nasara. Mai Magani ya ɗauki ɗan ya juya shi a yatsunsa, ya ajiye shi a bakin ramin.

"Nan yake, Tela," ya ce. "Kwana biyu ina ganinsa a wurin. Taka."

Wasan bai kai minti ashirin ba. Ya yi duk dabarar da ya sani, ya ba ni ɗa ɗaya kyauta don in kauce, na ƙi kyautar. Ɗana ya isa ƙarshe ya zama sarki, ya dawo ya kwashe uku a tafiya ɗaya. Da ya rage masa guda biyu a lungu, ya cire tabarau ya miƙo mini hannu. Shagon ya kaure. Mai Aski yana ɗauka da waya, ƙaninsa yana ihu daga wata ƙasa, Direba ya faka a gefen titi yana danna odar mota a cikin saƙon murya.

Ni na tattara 'ya'yan da kaina, a hankali, na zuba a gwangwani. Shekara goma sha huɗu ina tanadin maganar, amma da ta zo fita sai daɗi ya cika ni, ga shi kuma na san gobe ba zan gan shi ba.

"Ka yi ƙoƙari," na ce.

Ya yi dariya har da hawaye, ban taɓa jin ƙarar dariyarsa ba sai ranar. Mai Aski ya zaro reza ya ce saura alkawari. Aka yi ta roƙo, aka tsaya a kan gefen gira ɗaya, na zauna aka rage mini ita ina murmushi. Hoton yana guruf har yanzu, ni na turo shi.

Ranar Lahadi da hantsi ina kan keken ɗinki wayar ta yi ƙara. Mai Magani ne, a guruf, gaban kowa. Ya turo hoton sabon allo a kan teburin ɗansa, ya riga ya taka ɗa ɗaya, a ƙasa ya rubuta cewa yana roƙon a sake, taku ɗaya kullum, in Tela ya yarda. Tun da muka fara ni ke roƙon a sake. Na karanta sau biyu, na ajiye wayar a kan yadi. Akwai ƙafar wando da ban gama kalmashewa ba, na bar shi ya jira har na gama ta.