Furen Kwamiti

"Umma, in na sha furen da Mailafiya yake dafawa, ni ma zan riƙa hira da bango?"

Zubaida ta saki tsintsiya. 'Yarta Yusra, wadda ko firamare ba ta shiga ba, tana tsaye a bakin zaure riƙe da farin fure mai kamar bakin kakaki, da ƙwallo mai ƙaya wanda ya fara tsagewa. Zaƙami ne. A filin shaƙatawa ta tsinko shi.

Filin nan da can rami ne, a bayan layinsu wajen Ƙofar Mazugal. Daga cikinsa kakanni suka haƙo ƙasar da ta gina rabin unguwar. Da ya gama amfani aka cike shi da shara, aka bi da ƙasa, aka kafa allo da bencin siminti. Furannin da kwamitin unguwa ya yi alkawari kuwa, har yau suna hanya. Damina ce ta ji tausayi ta shuka nata: tafasa, zarangade, tumfafiya da zaƙami. Mata suka tsinke tafasar suka yi kwaɗo, awaki suka bi ciyawa. Zaƙami ko akuya tana da hankalin kewaye shi, sai ya samu fili ya baje.

Zubaida ta wanke wa yarinyar hannu da sabulu, ta zura hijabi, sai gidan Malam Gwadabe shugaban kwamiti. Bai yi musu ba, ya ce wa ye bai san zaƙami ba a garin nan? Amma ranar Asabar manyan baƙi za su zo buɗe filin, za a yi hoto, kuma shi kaɗai ne abin da ya yi fure. Har duwatsu ya sa aka shafa wa farar ƙasa aka kewaye shi. Kowace uwa ta riƙe ɗanta, ai akwai maigadi, Mailafiya.

"Malam, maigadin ne yake dafa shi."

"To kin ga yana kula da shi ke nan."

Ta yi godiya kamar yadda aka koya mata. Da hantsi ta ari fartanya, ta ɗaura leda a hannu, ta tumɓuke zaƙamin kaf, ta ɗure a buhu ta bai wa masu kwashe shara.

Ranar Asabar baƙi suka jeru a gaban fararen duwatsun da ke gadin ƙasa tsirara, aka yi hoto. Kwamiti ya sa mata suna mai ɓarnata kayan al'umma. Mailafiya ya daina gaishe ta, wanda bai dame ta ba, tunda yana da bango.

Abin da ya dame ta ƙwallayen da suka riga suka fashe ne, irin ya zube a ƙasa yana jiran ruwa. Don haka in damina ta dawo, kika kai ɗanki filin nan kika ga farin fure a tsakiyar duwatsu, riƙe hannunsa gam. Kada ki bar wa maigadi.