Ba a Gaya wa Ummu Basil Ba

…minti goma sha ɗaya fa. Goma sha ɗaya kacal sanarwar ta yi a shafin garin kafin ya goge ta, ko shayi bai isa hucewa ba. Munzir mai shafin, wanda ake kira Abu Ziyad, yana hawan matakalar dutsen da ke zuwa gidan Ummu Basil, gwiwar hagu tana masa tsiya, wayar tana ta karkarwa a aljihu. Ba zai duba ba. Ya duba. Mutum ɗari biyu da tara suka yaɗa ta kafin ya goge, waɗanda suka ɗauki hotonta suka adana kuwa Allah kaɗai ya san yawansu. To me ya goge ke nan? Tasa kawai ya goge.

Basil ya rasu. Ɗanta ɗaya tilo, can Jamus, da safen nan, ya faɗo daga hawa na huɗu na ginin da suke yi wa fenti. 'Yan garin da ke Ostareliya sun sani. Na Kanada da suka tashi sallar dare sun sani. Mai facin taya a bakin kasuwa ya sani. Wadda ta haife shi ce kaɗai — tana can sama, gidan ƙarshe, ita kaɗai, kowa ya tafi tsinkar zaitun.

Muryar Hajji Adib, mai unguwa, har yanzu tana cikin kunnensa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. "Abu Ziyad, kai da furfurarka? Matar nan ba a gaya mata ba." Wai yana birni, ofishin filaye, sai nan da awa guda zai iso da liman. Wai shi Munzir ya hau ya zauna da ita, ya raba ta da wayarta ko ta halin ƙaƙa, kada ya ce uffan sai sun zo. Ya raba ta da waya… ta yaya? Ya ce aro yake so? Shi da yake da biyu?

Ai ba haka ake yi ba, kuma ya fi kowa sanin ba haka ake yi ba. Maza uku ne ke zuwa, da tufafi masu tsabta, ba sa sauri. A zauna, a gaisa, a tambayi amfanin gona. Sai babban ya ce an bugo waya, yaron ba ya jin daɗi. A yi shiru. Sai a ce jikin fa ya ɗan matsa. Kafin nan mata sun shigo ta ƙofar baya sun tsaya a bayanta, don in ta sulale a sami hannuwan da za su tare. Tsani ne, ana saukar da mutum taki-taki. Shi kuwa ya — me ma ya yi? Ya danna da babban yatsa, yana tauna gurasa.

Ƙamshin tawada. Shekara ashirin da biyu yana tsaye kusa da Baba a maɗaba'a suna buga takardun rasuwa da ake liƙawa a bangon masallaci da jikin turakun lantarki. Baba zai jera haruffa tsaf, sunan mamaci, baffanni bisa girmansu, kawunnai, surukai, sannan ya naɗe hannu ya zauna. Injin a shirye, takarda a shirye, shi yana jan carbi. Sai wani daga gidan ya zo da jajayen idanu ya ce an gaya musu. Har gawa ta taɓa kusan riga takarda zuwa maƙabarta, aka yi ta zagin Baba da nawa, ko a jikinsa. Kowace sanarwa ya ajiye kwafi ɗaya a aljihun tebur, shekara-shekara, duk matattun garin a kwance bisa tsari, ba mai ture wani.

Yanzu fa? Shafi. Mutum dubu goma sha biyu, rabinsu ba su taka garin nan ba tun yaƙi. Akuyar da ta ɓata, wa ke da jini irin kaza, gas ya iso, hoton 'yan makarantar 1974 kowa na nuna kakansa. Kowa marubuci, kowa mai gyara. Ya ji daɗi, kada ya yi wa kansa ƙarya, ya ji daɗi ƙwarai. Maɗaba'a ta mutu aka mayar da ita shagon sayar da caja, sai ga shi garin ya sake zuwa hannunsa: ba abin da ke fita sai Abu Ziyad ya amince.

Sai wancan ɗan gidan Sam'an ya buɗe nasa shafin daga Suwidin. Yana zaune cikin ƙanƙara amma ya riga kowa jin wa ya yi atishawa a nan. Ya rubuta — kowa ya gani, har da masu dariya ɗari da wani abu — wai shafin Abu Ziyad sai mamaci ya yi arba'in yake sanar da rashin lafiyarsa. Abin ya ci shi. Dattijo da jikoki, maganar yaro ta hana shi cin abinci kwana biyu, wannan ai abin kunya ne, kuma ya sani.

Shi ya sa da saƙon ya shigo ƙarfe tara da minti goma, daga abokin ɗakin Basil… ya tambaya fa. Allah shaida ya tambaya: an gaya wa gida? Saƙon ya isa, an karanta, ba amsa. Minti ɗaya. Biyu. Zuciya ta ce ai wa zai gaya wa mai shafi kafin uwa? Wata zuciyar ta ce na Suwidin yana can yana rubutawa. Hoton ma bai sha wuya ba, ya shiga shafin Basil ya ɗauko na farko, jar riga, dusar ƙanƙara a gashinsa, yana dariya har da wushirya. Ko baƙin zare bai tsaya sa wa kusurwar hoton ba. Amma baffanni ya jera su daidai, ba wanda zai ce an sa shi bayan ƙaninsa. Wannan kam bai yi kuskure ba.

Mataki nawa ya rage? Ƙasan hanya gonakin zaitun ne, an shimfiɗa tamfol ƙarƙashin itatuwa, amma ba a jin bugun sandar kaɗo zaitun. Sun tsaya. Ga Najah matar mai gidan burodi tsaye da waya a hannu, ta ɗago ta gan shi, ta juya baya. Tana kuka, ya ga kafaɗunta. Me ya hana ta hawowa? Me ya hana su duka? Ɗari shida sun rubuta Allah ya ba mahaifiyarsa haƙuri, wani har da baitin waƙa, wani da bai karanta ba ya rubuta Allah ya sa alheri ango — ɗari shida, kuma matakalar nan ba kowa a kanta sai shi da gwiwarsa. Kowa ya yi ta'aziyya ya sauke nauyi. Wa aka yi wa?

Kada a ji kuka. Ya Allah kada ya ji kuka kafin ya kai. A'a… in ya ji kuka ai an hutar da shi, wani ya riga ya — wane irin mutum ne ke fatan haka? Ya tsaya ya kasa kunne. Kurciya. Rediyo can nesa. Ba kuka.

Tana zaune a barandar, babbar tasa a gabanta, tana cusa barkono da tafarnuwa cikin ƙananan gauta tana jerawa a kwalba. Kwalba uku. Ya san na wane ne, duk mai tafiya Jamus sai ta ɗora masa. Wayar tana kan tabarma kusa da ƙafarta, fuskarta a sama, tana haske tana mutuwa, tana haske.

Ta gan shi ta washe baki. Wai lale da Abu Ziyad, wai yanzu take cewa wa zai zo ya taimake ta. Tun ɗazu waya ke ruri, in ta ɗauka sai a tambayi lafiyarta a kashe, mutane sun zama wasu iri. Ta goge hannu ɗaya a zani ta ɗauko ta miƙo masa. Jar riga. Dariyar. Rubutunsa ne a ƙasa, nasa, baƙi-baƙi, wanda a idonta layin tururuwa ne kawai, ba ta taɓa shiga aji ba.

"Ka ga ɗan banzan nan? An turo mini shi har sau bakwai. Dubi jajayen zukata da aka jera masa. Ko dai mata ya samu bai gaya mini ba? Karanta mini, kai ne mai shafin."

Hanya. Ya waiga hanya — ba mota, ba liman, ba mace ko ɗaya a ƙofar baya. Minti arba'in saura, in Hajji Adib bai tsaya ba. Wayar tana tafin hannunsa yanzu, ga ta, ya raba ta da ita, an ce ya yi ya yi. Sai me? Tana jira. Ta ce bari ta ɗora gahawa, da sukari ko, ai yau ranar sukari ce, ranar murna. Ta dafa ƙasa za ta miƙe.

Ba ta miƙe ba. Tana kallon takalminsa da ƙurar hawa, tana kallon gumin wuyansa, tana kallon bakinsa da ya buɗe. Murmushin yana nan, bai tafi ba tukuna, ya dai tsaya cak a inda yake.

"Abu Ziyad… kai fa ba ka taɓa hawowa gidan nan ba."

Wayar ta sake karkarwa a hannunsa. Ya nemi kalmar farko, wadda ake farawa da ita, mai sauƙin nan… Man zaitun yana ɗiga daga yatsunta kan tabarma, ita kuma ba ta daina kallonsa ba.