Gayyar Baƙin Sama

Malam Irmiya ya koyar da kimiyya a Kontagora har kansa ya yi fari ya yi ritaya, amma idan ka tambaye shi abin da ya tsinana a duniya, littafinsa zai ɗauko maka. Ɗan siriri ne, an buga shi a wani shago bayan tasha, labarin wasu halittu da suka sauko daga sama suka dira a wani ƙauye. Waɗanda suka karanta shi ba za su cika benci guda ba, kuma wannan bai taɓa hana shi barci ba. Mutum ɗaya yake so ya san abin da ke ciki, wato wansa Sati, manomi a wani ƙauye kan hanyar Salka, wanda ya tsaya a gona don Irmiya ya tafi makaranta.

Sati bai iya karatu ba. Ranar da aka kai masa littafin ya karɓa hannu biyu, ya soke shi a jinkar ɗaki. Irmiya ya taɓa gwada karanta masa, sai mutumin ya yi barci tun ana bayanin nisan taurari. Tun daga nan, duk zuwan da ƙanen zai yi gida sai Sati ya ce, "To Malam, har yanzu dai ban ga abin da bokon nan ya haifa ba." Da wasa yake faɗa, amma maganar tana yi wa Irmiya ciwo sosai.

Ana nan sai ga Maikuɗi, mai ɗaukar bidiyon biki da suna, wanda ya gaji da amare yana son ya zama darakta. Ya cire takalmi, ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Malam, na bincika. Duk finafinan sararin samaniyar nan na Turawa, ba da ka suke yin su ba. Littafi suke samu su tatse. Ni kuma duk garin nan an ce kai kaɗai ke da irinsa."

"Ka karanta?"

"Na ga bangon."

Irmiya ya gyara zama ya ba shi labarin. Jirgi ya sauko tsakiyar gona. Mutanen ƙauye suka watse da gudu, wani dattijon manomi ya jefar da fartanya ya afka rami. Malamin makaranta kaɗai ya tsaya, ya yi wa baƙin magana da lissafi, suka ɗauke shi suka yi sama da shi.

Maikuɗi ya tafa hannu don murna. "Wallahi na ga wannan a fim ya fi uku!"

"Ba ka gan shi ba, ni na rubuta abina."

Gaskiyar magana kuwa, jirgin Irmiya daga wani littafin Turanci marar bango ya ɗauko shi, wanda gara ta cinye ƙarshensa a siton makaranta. Manyan idanun baƙin a majigi ya gani yana saurayi, maganarsu ta hanci kuma ta aljanun tatsuniyar kakarsa ce. Maikuɗi ya ce shi ma zai ƙara musu bindigogi masu fitar da haske, daga wani fim da wataƙila shi ma wancan littafin marar bango ya tatsa. Suka yi ta musu kan wa ya ɗiba a tukunyar wa, har shayinsu ya huce. Irmiya dai ya yarda, saboda ya hango Sati zaune gaban allo yana ganin labarin da idonsa.

Matsalar ita ce jama'ar da za su gudu. 'Yan gari kowa jarumi yake son fitowa, ba wanda zai yarda a nuna shi yana cika wandonsa da iska. Irmiya ya ce a bar masa wannan, ya san yadda ake tara mutane a ƙauyensu: a kira gayya, a dafa abinci, maƙwabta su zo su taya ka aiki. Ya hau acaɓa ya tafi wurin Sati. Da ya zauna gabansa sai bakinsa ya yi nauyi, ya kasa cewa aikin gudu ne.

"Yaya, wani aiki nake da shi mai son hannu da yawa. Ko za ka kira min gayya?"

Sati ya ji daɗi har cikin ransa, don tun da ƙanensa ya sa takalmin makaranta bai taɓa roƙonsa irin wannan ba. Bai tambayi komai ba. Ya aika gida gida, matarsa Rhoda ta jiƙa gero.

Ranar aiki da hantsi, a-kori-kura ta tsaya bakin gonar dawar Sati ɗauke da jirgin, wato tankin ruwa na roba da aka naɗe da leda mai ƙyalli. A cikinsa baƙin sama ne su uku, Abdulwasiu da Philip da Yahya, dukkansu 'yan acaɓa. An sa musu buhunan taki da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, da hular kwano, da guntun tiyo yana reto daga haɓa. Tun daga Kontagora suke cikin tankin, don Maikuɗi ya ce kada sirri ya fita. Irmiya ya sha kwat, shi ne zai fito a malamin makaranta.

Mutane kuwa sun cika gona, maza da mata, kowa da fartanyarsa a kafaɗa, ga makaɗin noma yana ɗaure ganga. Maikuɗi ya ɗauki lasifika ya yi bayani: da zarar tanki ya buɗe, kowa ya yar da fartanya ya ruga yana ihu.

Wata tsohuwa ta ce, "Mu ruga zuwa ina, ɗana?"

"Ko'ina, Mama."

"Ciyawar fa?"

Sati ya ja ƙanensa gefe. "Irmiya, mutane sun baro gonakinsu sun amsa kirana. In ce su gudu su bar ciyawa a tsaye? Da wane ido zan dube su gobe? A yi noma tukuna, in an gama sai su gudu maka yadda kake so."

Maikuɗi ya ce rana ba za ta jira ba. Ya saita kyamara, ya daka tsawa, murfin tanki ya buɗe. Baƙin sama suka rarrafo waje sharkaf da gumi, suna tangaɗi, suna nuna bindigogin bututu, suna magana ta hanci. Ko kaza ba ta gudu ba. Rhoda ta dube su, tausayi ya kama ta, ta ɗebo ruwa a ƙwarya.

"Sannunku da hanya. Yaya mutanen gida?"

Abdulwasiu yaro ne mai tarbiyya, ba zai iya tsayawa ƙiƙam gaban dattawa ba. Ya jingine bindiga ya durƙusa ya gaida kowa, ta hanci. Da yake Maikuɗi ya hana cire hula, sai aka tsoma musu tiyon a ƙwarya suka zuƙa. Daga nan ƙamshin miyar tuwon gayya ya taso daga gindin ɗorawa, baƙin suka nufi wurin su uku a jere. Sati ya tare su. A ƙauyen nan, duk mai hannu biyu da ya taka gona ranar gayya sai an ba shi kunyar shuka tasa ya nome, kuma ba mai sa hannu a tuwo sai ya kai ƙarshenta. Ba a ware fasto ba, ba a ware liman ba, balle wanda ya fito daga tanki. Ya miƙa musu fartanya ɗai-ɗai.

Ganga ta tashi. Makaɗi ya shiga wasa baƙin sama, yana cewa sun bar taurari sun zo ga dawa. Yahya, wanda ashe ɗan manoma ne daga Tungan Magajiya, da ya ji kiɗa sai tsohon jini ya motsa. Ya duƙa, tiyo yana kaɗawa, ya bar samarin ƙauyen a baya, mata suna rangaɗa guɗa.

Irmiya ya bi su cikin kunyoyi da littafi a buɗe. "Ba haka yake ba! A nan za ku tsaya in yi muku lissafi!" Ya sha gaban Philip ya fara zana alwatika a ƙasa.

Philip ya ce ta hanci, "Malam, matsa, kana taka dawa."

Irmiya ya koma ga darakta ya ce a tsayar da ɗauka. Maikuɗi bai ko ɗago daga kyamara ba. "Malam, bar ni. Wannan ban taɓa ganinsa a fim ɗin kowa ba, har tsoro nake ji."

Kafin la'asar gona ta yi fes. Aka ci tuwo aka sha kunu. Sati mutum ne mai cika alkawari, ya miƙe ya ce to jama'a, yanzu a gudu wa Malam. Mutane suka saɓa fartanyoyinsu, suka kama hanyar gida a hankali, ciki ya yi nauyi, suna waiwaye suna yi wa baƙin sai an jima. Tsohuwar nan ta ɗan yi ihu guda ɗaya don kada a ce ba ta taimaka ba.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma gayya zagaye take yi, wanda ya ci tuwonta sai ya je ta wani. Da aka zo noman gonar maƙwabci, aka aiko a kira baƙin. Samarin suka je da kayan gida, aka ce ba a san su ba, waɗanda suka ci tuwo masu azurfa ne. Dole suka koma cikin buhu. Haka tankin ya yi ta yawo duk daminar, daga wannan gona zuwa waccan har wajen Ibeto, Maikuɗi na biye da kyamara. Da ya zauna haɗa fim, ya duba abin da ya ɗauka kaf, babu gudu, babu lissafi, babu tashi sama. Noma ne daga farko har ƙarshe, sai wuri ɗaya da aka ga wani mai kwat yana zane a ƙasa ana ture shi.

Irmiya ya yi baƙin ciki ƙwarai. Dama ɗaya ya samu ta nuna wa wansa abin da ya rubuta, ga shi ta tafi a ciyawa.

Aka sa ranar nunawa a wani gidan kallon ƙwallo a Kontagora, da rana tsaka. 'Yan ƙauye suka zo mota guda, Sati da kayansa na zuwa coci. Da rubutu ya fito a allo, wani ya karanta da ƙarfi: daga littafin Malam Irmiya. Irmiya ya sunkuyar da kai. 'Yan gari suka yi ta dariya har da riƙe ciki, 'yan ƙauye kuwa suka kalla da natsuwa, kowa yana nuna gonarsa. Sati kuwa sau ɗaya ya yi tsaki kan yadda Philip ke riƙe ƙota.

Da aka tashi, ya kama hannun ƙanensa ya ja shi wani benci a gindin mangwaro. Ya sa hannu a aljihu ya zaro littafin, hayaƙin ɗaki ya mayar da shi baƙi.

"Ashe abin da ka rubuta ke nan," in ji shi. "Ni duk shekarun nan na zaci ka raina mu. Na ce yaron nan ya yi boko, yana ganin gona aikin jakai ce. Ashe kai zama ka yi ka rubuta cewa ko na sama in sun sauko sai sun duƙa sun yi noma."

Sati ya miƙa wa Irmiya littafin.

"Karanta min. Yau ba zan yi barci ba. Ka tsallake taurarin nan, ka fara daga inda suka sauko. Akwai dattijo a ciki, ko? Wanda ya tarye su."

"Akwai dattijo, Yaya."

"Na sani. Ni ne, ko?"

Irmiya ya buɗe shafin. Ga dattijon nan yadda ya rubuta shi, da tsagar fuskarsa, da ɗingishin ƙafar hagu, ya jefar da fartanya yana kururuwa ya afka rami, malamin makaranta kuma yana leƙensa ta tagar jirgi yana murmushi. A baya ya karanta wurin nan ya fi a ƙirga, bai taɓa ganin fuskar wanda ya zana ba sai yau, da mai fuskar ke zaune kusa da shi yana miƙe ƙafar hagu don ta huta. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Sati ya matso, ya leƙa baƙaƙen da bai san ko ɗaya ba. Irmiya ya ɗora yatsa a kan layin, ya gyara murya.

"Da jirgin ya sauka," ya fara, yatsan yana tafiya a kan wasu kalmomi dabam, "sai dattijon ya tsaya a bakin gonarsa, bai motsa ba. Ya dubi baƙin, ya ga sun sha hanya."

"Haka aka yi," in ji Sati, ya share ido da bakin riga. "Bi a hankali, Malam. Kada ka tsallake min ko kalma ɗaya."